Sayen Tsohon Babur Don Kwance Kayansa: Riba Ce Ko Ɗaure Jari?

Tun daga tsakiyar shekarar 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, ta kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin sabon babur da na kayan gyaransa ya yi tashin gwauron zabo. Dalar Amurka, wadda ake canzarwa a kan Naira 460 ko kusa da haka a farashin hukuma kafin watan Yuni na wannan shekarar, ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Da yake yawancin abin da ke jikin babur daga Indiya ko ƙasar Sin ake shigo da shi, duk motsin da Dala ta yi sai an ji shi a shagon mai kayan gyara, daga nan ya gangara garejin makanike, ya ƙare a aljihun ɗan acaɓa.

Wannan hali ya sa masu babura da makanikai da ƙananan 'yan kasuwa suka ƙara mai da hankali ga wata tsohuwar dabara, wato a sayi babur da ya gaji ko wanda ya yi haɗari, a kwance shi, a yi amfani da kayansa ko a sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce. Ta yi ƙarfi tun bayan shekarar 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta faɗi, jama'a suka koma ga kayan hannu da na gwanjo. Tambayar da darasinmu na yau zai duba ita ce, shin wannan ciniki yana biyan wahalarsa? Amsar ta danganta da wanda zai saya, da irin babur ɗin, da kuma abin da ya fi kowanne muhimmanci, wato kuɗin da aka biya a ranar farko.

Me ke da daraja a jikin tsohon babur?

Mai saye na farko yakan dubi babur ya ƙirga kayan da ke jikinsa, ya sa wa kowanne farashin sabo a ransa, sai ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Nan ne kuskuren yake somawa, domin kayan babur ba ɗaya suke ba wajen tsufa.

Akwai kayan da aikinsu shi ne su cinye. Takalmin birki, da wayar birki da ta kuloci, da sarƙa tare da haƙoran da take hawa, da taya, da fulogi, da boris, da fakin, da ringin fistin, da batir, duk suna raguwa ne da kowace tafiya. Babur ɗin da ya shekara uku ko huɗu yana acaɓa, yana ɗaukar mutum biyu da buhun kaya a hanyar da ba ta da kwalta, ya riga ya ci rabonsa na waɗannan kaya sau da yawa, kuma abin da aka samu a jikinsa a ranar da aka sayar da shi, galibi shi ne mafi araha da mai shi ya iya sawa. Mutumin da ya ƙudura sayar da babur ba ya saya masa sabuwar sarƙa. Irin waɗannan kaya bai kamata su shiga lissafi ba ko kaɗan. Game da birki da taya kuwa, maganar ta wuce ta riba, domin wanda ya sa wa babur ɗin haya tsohon takalmin birki don ya tsira da 'yan kuɗi kaɗan, da ran fasinja yake ciniki.

Akwai kuma kayan da ba sa cinyewa sai dai su fashe ko su lanƙwashe. Kwandon inji, da kan inji, da haƙoran giya, da cibiyar wili, da tanki idan bai yi tsatsa ba, da ƙarfen da ke riƙe wilin baya, da sandar kik, da kwayil, da kariya. Waɗannan su ne dukiyar tsohon babur. Dalili kuwa shi ne, kayan da suka zo tare da babur daga kamfani, waɗanda a kasuwannin Kudu ake ce wa folo-kam, sau da yawa sun fi sababbin da ake sayarwa a kwali ƙarko, saboda jabu ya yi yawa, kuma ko a cikin na gaskiya akwai daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Gogaggen makanike ya fi yarda da tsohon kan inji na asali da bai taɓa fashewa ba, a kan sabon da bai san inda aka zuba shi ba. Wannan yarda ita ce ainihin abin da mai kwance babur yake sayarwa.

Inji shi kaɗai yakan ɗauki rabin darajar tsohon babur ko fiye. Saboda haka abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne, me ya kashe wannan babur? Idan haɗari ne ya lotsa gabansa, ƙafafun gaba da wili da fitila da kai sun tafi, amma mai yiwuwa inji yana nan lafiya, kuma irin wannan shi ne ya fi dacewa da kwancewa. Idan kuwa jikinsa tsaf yake amma inji ya buga, to abin da ya fi tsada shi ne ya mutu, saura ƙananan kaya. Wanda ruwa ya ci, kamar yadda yakan faru a unguwannin Legas masu kwari da damina, ko wanda ya daɗe a jingine a ƙarƙashin ruwa da rana, shi ne mafi sharri, domin ɓarnarsa a ɓoye take: wayoyi sun ruɓe, boris ya yi tsatsa, cikin tanki ya zama ja.

Binciken ba ya buƙatar na'ura. A taka kik a ji ko yana da nauyi, domin kik mai sauka salalam alama ce ta cewa fistin da ringi sun saki. A kwance notin baƙin mai a tara a hannu: idan man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, idan kuwa ana jin ɓarɓashin ƙarfe a tsakanin yatsu, wani abu na cin wani a ciki. Idan babur ɗin yana tashi, a tayar da shi da sanyinsa, a saurari ƙarar ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, a kuma dubi salansa, shuɗin hayaƙi yana nufin yana shan baƙin mai. A duba kwandon inji ko an taɓa yi masa walda ko an shafe tsaga da gam. A dubi kawunan notina, domin notin da sifana ta cinye gefensa yana ba da labarin yawan buɗewar da aka yi wa injin. Mai babur da ya ƙi a kwance ko da notin mai, yana so ne a yi cinikin biri a sama.

Samfuri kafin farashi

Tsohon kaya ba shi da daraja sai idan akwai babur a kan titi da zai shiga. Wannan magana a fili take, amma ita ce ta fi cin jarin sababbin shiga. Bajaj Boxer, wanda kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya ke ƙerawa, shi ne ya mamaye acaɓa a sassa da yawa na ƙasar nan, saboda haka kayansa ba sa kwana a shago. Baburan TVS da na Hero su ma daga Indiya suke, amma kayansu ba sa shiga na Boxer sai 'yan kaɗan. Baburan ƙasar Sin da yawa kuwa an gina injinsu ne a kan tsarin Honda CG125, wanda ya fito tun 1975, kuma wannan ya sa kayan injin wani sukan shiga na wani ko da sunayen da ke jikin tanki sun bambanta. Injin irin na CG da sanduna yake tura bawul, shi kuwa na Boxer da 'yar sarƙa ta cikin inji yake aiki, don haka babu abin da ya haɗa kawunansu.

Ko a cikin samfuri ɗaya, kamfani yakan canza abubuwa daga shekara zuwa shekara. Kan soket ɗin wayoyi, ko girman dirom na birki, ko yawan haƙoran giya, na iya bambanta tsakanin tsohon yayi da sabon yayi, alhali a ido babur ɗaya ne. Wanda zai sayi babur don ya ciyar da nasa, ya wajaba ya kai nasa wurin, a jera su, a gwada.

Tsofaffin baburan da ake haɗa musu fetur da mai, irin su Suzuki da Yamaha masu lamba 100 da Jincheng na farko, waɗanda suka yi tashe a shekarun baya, yanzu sun ragu ƙwarai a manyan birane. Mai sayar da irinsu zai ce kayansu sun yi wuya, don haka suna da tsada. Gaskiya ne sun yi wuya, amma masu nemansu sun fi su wuya. Kayan da ake nema sau ɗaya a shekara, ko da ribarsa ta ninka uwar kuɗi, bai kai kayan da ake nema kullum da riba kaɗan ba.

Dokokin hukuma su ma suna canza kasuwar a dare ɗaya. An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a shekarar 2006, an hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a watan Janairu na 2013, sannan gwamnatin jihar Legas ta haramta shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida daga ranar 1 ga watan Yuni na 2022, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, ta kuma ƙara wasu huɗu a watan Satumba na wannan shekarar. Duk sa'ad da aka yi irin wannan doka, babura sukan yi araha a garin, domin masu su na neman rabuwa da su. Sai dai a daidai wannan lokaci ne masu sayen kayan gyara suke barin garin. Arahar tana amfanar wanda yake da hanyar kai kayan inda babura ke aiki, kamar garuruwan jihar Ogun da ke maƙwabtaka da Legas, ko ƙauyukan da babur ne motarsu. Wanda ya saya ya ajiye a inda aka hana, ya tara ƙarfe ne kawai.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a taya

Bari mu buga misali. Alƙaluman da za su biyo baya na kwatance ne, mai karatu sai ya sa farashin kasuwarsu na ranar a madadinsu, domin tsarin lissafin shi ne abin koyo.

A ɗauka an kawo wa ɗan kasuwa Boxer da ya yi haɗari, gaba ya lalace, inji lafiya, aka daidaita a kan Naira 200,000. Dillali ya karɓi la'adar Naira 10,000, ɗauko shi zuwa shago ya ci Naira 10,000, makaniken da ya kwance shi ya wanke kayan ya karɓi Naira 15,000. Uwar kuɗi ta zama Naira 235,000. Sai ɗan kasuwa ya zauna ya yi wa kayan kuɗi: inji Naira 150,000, wilin baya da tanki da sirdi da kariya da salansa da kafireta da wayoyi da sauran ƙananan kaya gaba ɗaya Naira 110,000, ragowar ƙarfe kuma Naira 20,000 a wurin 'yan gwangwan. Jimla Naira 280,000. A takarda, riba Naira 45,000.

To amma kasuwa ba ta bin takarda. Mai sayen inji zai taya, kuma da wuya a rabu ba a rage masa kashi goma cikin ɗari ba, sai inji ya koma Naira 135,000. A cikin ƙananan kayan nan, idan aka yi sa'a, kashi uku cikin huɗu ne za su fita, sauran kuwa ko dai an gano suna da aibi bayan an wanke, ko sun ɓace a shago, ko babu mai tambayarsu. Abin da zai shigo daga gare su Naira 82,500 ke nan. A haɗa da kuɗin ƙarfe, jimla Naira 237,500. Ribar da aka yi wa buri ta koma Naira 2,500, kuma ba a rana ɗaya za ta shigo ba, sai a yi wata shida ana tsintarta da kaɗan-kaɗan, ana kashewa a cefane ba a sani ba. Wannan shi ne lissafin dokin Rano.

Yanzu a kwatanta da wanda ya zuba wannan Naira 235,000 a sababbin kaya masu gudu, irin su fulogi da wayar birki da baƙin mai, yana juya kuɗin sau ɗaya a wata da ribar kashi biyar cikin ɗari kacal. A wata yana samun Naira 11,750, a wata shida Naira 70,500. Wannan kuɗi da mai kwance babur ya rasa saboda ya ɗaure jarinsa, asara ce ta gaske ko da ba ta bayyana a littafinsa ba. A lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana game da watan Disamba na 2024, Nairar da za ta dawo bayan wata shida ba ta sayen abin da ta saya a ranar da ta fita. Wani zai ce ai farashin kayan ma yana tashi tare da hauhawar. Haka ne ga inji da tanki, amma sirdin da rana ta ƙona da wayoyin da ɓera ya ci ba sa bin Dala.

Ashe ke nan cinikin ba shi da amfani? Yana da shi, idan an gyara farashin saye. Ƙa'idar da ta fi tsare ɗan kasuwa ita ce, kada kuɗin babur tare da duk ɗawainiyarsa ya wuce abin da inji da ƙarfen awo za su kawo, domin waɗannan biyun ne kaɗai ake da tabbacin sayarwa cikin 'yan kwanaki. A misalinmu, inji da ƙarfe sun kawo Naira 155,000. A cire ɗawainiyar Naira 35,000, saura Naira 120,000. Wannan shi ne iyakar tayin da ya kamata a yi. Idan an sallama a haka, uwar kuɗi za ta dawo a makon farko ko na biyu, duk abin da ƙananan kaya suka kawo daga baya riba ce, ko sun yi wata shida ba su ɗaure kowa ba. Idan mai babur ya ƙi, a bar masa kayansa. Tazarar da ke tsakanin Naira 120,000 da Naira 200,000 ita ce tazarar da ke tsakanin sana'a da wahalar banza.

Akwai kuma shawarar da za a yanke a kan injin kansa: a sayar da shi ɗungurungum, ko a farfasa shi? Farfasawa takan fi kawo kuɗi a jimla, amma tana ɗaukar lokaci, kuma da zarar an buɗe inji duk aibinsa ya fito fili, ya zama na mai shago. Sayar da shi a ɗaure ya fi sauri, sai dai mai saye zai nemi a ba shi kwanakin gwaji. A ganinmu, wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, ya sayar a ɗaure ya karɓi kuɗinsa. Farfasawa ta mai babban shago ce wanda makanikai ke yi wa zarya kullum.

Ƙarfen awo shi ne ƙasan farashi. Babur irin na acaɓa nauyinsa kilo ɗari da 'yan kai ne, kuma ba duka ne ƙarfe ba, akwai roba da taya da soso. 'Yan gwangwan, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne ko a kasuwannin Kudu, suna saye ne da sikeli, su kai wa kamfanonin narkar da ƙarfe irin waɗanda ke wajajen Ikorodu da Ogijo. Wanda ya ware kayansa kafin ya kai awo ya fi samun kuɗi, domin alminiyam na kwandon inji da na cibiyar wili ya fi baƙin ƙarfe tsada, jan ƙarfen da ke cikin kwayil da wayoyi ya fi alminiyam, batir kuma saboda darmar da ke cikinsa farashinsa dabam ne. Idan aka zuba su a buhu ɗaya, da farashin baƙin ƙarfe za a auna duka.

Wa cinikin ya dace da shi?

Mutumin da ke da babur ɗaya, wanda abu ɗaya ko biyu ya lalace masa, ba shi da dalilin sayen babur sukutum. Zai biya kuɗin kaya hamsin don ya yi amfani da biyu, sauran su cika masa zaure, yara su yi wasa da notina. Gara ya je wurin masu kwancewa, a Fanteka ta Kaduna ko Kofar Ruwa ta Kano ko kasuwar garinsu, ya sayi abin da yake bukata kaɗai. Inda maganar takan canza shi ne idan injinsa ne ya buga gaba ɗaya, ya kuma sami babur irin nasa da ya yi haɗari a farashin da bai fi na inji da yawa ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan dabara shi ne mai babura da yawa iri ɗaya, wanda yake ba matasa suna kawo masa balas kullum. Shi ba ya jiran mai saye, domin shi ne mai sayen kansa. Ribarsa kuma ba a farashin kayan kaɗai take ba. Duk ranar da babur ya kwana a gareji ana neman kayan gyara, balas ɗin ranar ya tafi, yaron da ke tuƙa shi ma ya kwana ba ko sisi. Idan akwai inji na jiran ko-ta-kwana a ɗaki, sai a sauke mai ciwo a ɗora lafiyayye da safe, babur ya fita aiki kafin azahar, a gyara wancan a tsanake. Amma wannan yana bukatar tsari. Kayan da aka kwance a wanke su, a shafa musu mai, a rubuta su a littafi, a sa mabuɗin a hannun mutum ɗaya. In ba haka ba, cikin wata biyu za a tarar kowane yaro ya ɗauki abin da ya ga dama, mai gida bai san inda babur ɗinsa ya shiga ba.

Makanike yana da fifiko ta wata fuskar, tun da ba ya biyan kuɗin kwancewa, ya san abin da ke da kyau, kuma masu bukata suna zuwa wurinsa da ƙafarsu. Abin da zai kiyaye shi ne amana. Ya gaya wa mai babur cewa kayan na hannu ne, ya yi masa farashin na hannu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa 'yan tasharsu.

Shi kuwa ɗan kasuwar da ke son ya mai da abin sana'a, ya san cewa yana gogayya ne da sababbin kaya masu araha da ke fitowa daga manyan kasuwanni irin ta Nkwo da ke Nnewi a jihar Anambra, wadda ta daɗe tana zama cibiyar kayan babur a ƙasar nan. Duk kayan da sabonsa ke da araha, tsohonsa ba shi da kasuwa. Babur ɗaya kuma ba ya yin shago, domin mai neman tanki zai zo ya tarar an sayar da guda ɗayan da ake da shi. Sana'ar tana tsayawa ne idan ana kwance babura a kai a kai, iri ɗaya ko biyu, har makanikan yankin su san cewa in sun zo ba za su koma hannu rabbana ba. Haka nan ya kamata mai dogon nazari ya lura da baburan lantarki da suka fara shigowa Legas da Ogun, waɗanda ba su da kafireta ko fistin ko salansa, kada ya tara kayan da zai shekara biyar bai sayar ba.

Batun takardu

Duk lissafin da ya gabata yana rushewa idan babur ɗin na sata ne. Kwancewa ita ce hanyar da ɓarayin babura suka fi so, domin da zarar an raba kaya, shaida ta watse, saboda haka idon 'yan sanda yana kan masu wannan sana'a fiye da sauran 'yan kasuwa. Sashe na 427 na kundin dokokin laifuffuka da ake amfani da shi a yawancin jihohin Kudu, da sashe na 317 na kundin Final Kod na Arewa, duka sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane. Kundin na Arewa ya haɗa har da wanda yake da dalilin da zai sa ya yi zaton kayan na sata ne, kuma farashin da ya yi araha fiye da kima, ko cinikin dare, ko lambar da aka goge, suna cikin abubuwan da ake kafa hujja da su. Ko da kotu ta wanke mai saye, kayan za su koma ga mai su na asali, kuɗinsa kuwa sai ya nemi wanda ya sayar masa.

Saboda haka a nemi rasit na asali da takardun rajista, a gwada lambar inji da lambar firam da ke jikin ƙarfe da waɗanda ke cikin takarda, harafi da harafi. Lambar da aka kankare ko aka sake bugawa ta isa dalilin fasa ciniki, komai arahar babur. Idan sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne, a nemi takardar cinikin da ta nuna yadda ya zo hannunsa. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambobin nan biyu, da kwanan wata, da kuɗin da aka biya, da sa hannun shaidu, a haɗa da hoton katin shaidar mai sayarwa. Inda hali ya yi, a yi cinikin a gaban shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa ta tashar da babur ɗin ya yi aiki, ko shugaban kasuwa, ko Sarkin Hausawan unguwa ga waɗanda ke zaune a Kudu, domin su ne za su tsaya wa mutum idan magana ta taso. Babur ɗin da aka sayo da kuɗin bashi ana biya kaɗan-kaɗan, wanda ba a gama biya ba, har yanzu na mai ba da bashin ne, kuma ɗan acaɓan da ke tuƙa shi ba shi da ikon sayar da shi.

Wanda aka ce na gwanjon hukuma ne, a nemi takardar gwanjon. A Legas musamman, gwamnatin jihar ta sha murƙushe baburan da ta kama a bainar jama'a, don haka wanda ya zo da babur ya ce daga cikin kamammu aka fitar masa da shi ta bayan fage, yana kawo wa mai saye rigima ne har gida.

Bayan an kwance, lambobin nan biyu ba su daina aiki ba. Injin da aka sayar zai ci gaba da yawo da lambarsa a jikin wani babur, saboda haka a ba mai saye rasit mai ɗauke da lambar, a ajiye kwafi. Firam kuwa, idan ya lanƙwashe, a yanka shi kafin a kai awo, kada a sayar da shi da takardunsa ga wanda ba a sani ba, domin firam mai takarda shi ne abin da ɓarawo ke nema ya ɗora wa kayan sata su zama halal a idon hukuma. Lambar rajista da takardun asali a ajiye su a fayil tare da yarjejeniyar ciniki, ko da shekaru sun wuce.